Kitson Tagulla a Layi na Huɗu

Pampa Honda, Chincha
12 ga Janairu, 1998

Kawu Eusebio,

Ina gaishe ka da kyau, kai da 'yarka Charo da mijinta da yara. Yaya gwiwar? Mama ta ce in tambaye ka ko kana shan maganin, ko kuwa ka ɗora shi a kan firiji kana kallo kamar yadda ka saba. Ita lafiyarta ƙalau, sai zafin da ya dami kowa. Jiya ma'aunin zafi na wurin aikinmu ya nuna talatin da huɗu a inuwa.

Yau wata uku da kwana shida da na fara aiki a tashar rarraba wuta. Kujerarka suka ba ni, mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya. Amininka Don Fermín har yanzu shi ne mai tsaron tashar, kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai "'yar Eusebio". Na gaya masa kai da Mama kakanku ne ɗaya, ya ce wannan lissafin ya fi ƙarfinsa.

Kawu, akwai abin da ya hana ni sukuni. Ran Alhamis takwas ga wata, ƙarfe goma da minti goma sha huɗu na safe, waya ɗaya ta layi na huɗu ta tsinke a bayan maƙabarta ta faɗi kan yashi. Ka san halin layukanmu na bolt dubu goma, tunda babu wayar da aka haɗa da ƙasa a taransifoma: waya sai ta kwanta a ƙasa da wuta a jikinta, fitilun gari ko ƙiftawa ba za su yi ba. Tsohuwar ƙararrawa ta yi nata aikin, ta sanar cewa wani layi ya taɓa ƙasa, amma ba ta faɗin wanne. Don Fermín ya bi tsohon tsari, yana kashe layuka ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, har ƙararrawa ta yi shiru. Ya bar na huɗu a ƙarshe, don shi ke kai wuta ɗakin sanyi na masu inabi, kuma su ne masu bugo waya da zagi. Minti goma sha bakwai wayar ta yi a kwance. Alfadarin wani mai sayar da ruwa ya taka kusa da ita ya mutu nan take. Mai shi yana biye da shi, taku huɗu tsakaninsu. Na je na auna sawun da kaina.

Don irin wannan aka sayo sababbin na'urorin kariya shida, rele, kowane layi da nasa, ya gane nasa ne ya taɓa ƙasa ya kashe shi cikin rabin daƙiƙa. Na layi na huɗu bai motsa ba. An saita shi ya yi aiki idan wutar da ke tsiyaya cikin ƙasa ta kai amfiya ɗaya. Abin da ya rubuta shi ne sifili da ɗigo shida. Ni kuma na yi lissafi daga ma'aunin tasha har sau uku, ina samun kusan amfiya biyu. Kashi ɗaya cikin uku kawai ya gani.

Shugabanmu, Injiniya Arrieta, ya ce yashin ne ya bushe da yawa, babu na'urar da za ta ga irin wannan. Na gwada rele ɗin, lafiyarsa ƙalau. Saura zoben awo da ke kewaye da kebul a ƙasan akwatin, wanda ke gaya wa rele abin da ke wucewa. Takarda ta nuna kai ka saka zobban shida a watan Agusta, satin ƙarshe kafin su sallame ka. Ba na iya ganin ciki, don ƙofar ƙasa ba ta buɗuwa sai an kashe layi. Na leƙa ta ramin iska da tocila da madubin Mama, gefen zoben kaɗai na gani.

Tambayata ɗaya ce: kitson tagullar da ke fitowa daga rigar kebul zuwa sandar ƙasa, ta ina ka bi da shi? Don Allah ka tuna sosai kafin ka amsa.

'Yarka,
Nélida


Sullana
23 ga Janairu, 1998

Injiniya Nélida, 'yata,

Wasiƙarki ta zo a jiƙe, sai da Charo ta shanya ta a kan murhu. Muna lafiya, idan lafiya ce mutum ya kwana da bokiti biyar a ɗaki. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, gyare ya cika gida, sauro kuwa har ya san sunana. Gwiwa tana nan. Ki gaya wa uwarki Domitila maganin ma yana nan, yana gaishe ta.

Na yi baƙin cikin alfadarin. Amma ki faɗa mini gaskiya, wannan tambayar taki ce, ko ta wancan ƙadangaren mai farar riga, Arrieta? Ya kore ni saura shekara biyu in cika lokacina, yanzu kuma yana neman wanda zai rataya wa mushe a wuya, sai ya turo mini jinina. Na san irin aikinsa.

Shekara talatin da huɗu na yi ina haɗa wayar ƙasa. Wanda ya koya mini, da filaya yake bugun yatsuna idan na bar rarar ɗan yatsa ɗaya. Wayar ƙasa gajera ce, miƙaƙƙiya, ba lanƙwasa, ba yawo. Haka na yi a duka shidan: daga kan kebul kai tsaye zuwa sandar ƙasa, taƙi ɗaya, ko kusa da zobenku kitson bai je ba. Na goge, na ɗaure, na shafa mai. Ki kwantar da hankalinki, ki nemi laifin a cikin akwatin Turawan nan mai fitilu. Ni aikina ba ya buƙatar madubin uwarki.

Kuma kada ki sake rubuto mini a kan kamfanin nan. Ki rubuto mini ko kin sami saurayi.

Na ji bara gatarin Domitila ne ya kayar da bishiyar yunza, bikin nan da ake rawa ana saran bishiya, wato bana ita za ta kawo bishiya ta ciyar da unguwa. Ki ce mata ta rataya kayan kirki a rassan, ba robobin da ke fashewa kafin su iso ƙasa ba.

Kawunki,
Eusebio Tasayco


Pampa Honda
3 ga Fabrairu, 1998

Kawu,

Ina gaishe ku da ruwa, Allah ya sa rufin ya riƙe. Mu nan ƙalau muke. Wasiƙarka ta iso jiya, kwana goma a hanya. Ka ce kada in sake rubuto maka a kan kamfani. Ka yi haƙuri, wannan karon kaɗai. Kuma babu wanda ya turo ni, Arrieta bai san ina rubuta maka ba.

Da na karanta "ko kusa da zobenku kitson bai je ba", sai da na maimaita karantawa. Kawu, a nan ne matsalar take. A ko'ina dokarka daidai ce, sai a wannan wuri ɗaya.

Zoben ba ya san komai sai ƙidaya: abin da ya fita ta cikinsa, da abin da ya dawo ta cikinsa. Idan akwai giɓi, to wuta tana tsiyaya cikin ƙasa, sai ya gaya wa rele. Amma rigar tagullar kebul ita ma ta cikin zoben ta bi. Wutar da ta shiga ƙasa a can bayan maƙabarta tana neman hanyar gida mafi sauƙi, sai yawancinta ya hau rigar nan ya dawo ta cikin zoben. Zobe ya ƙidaya, ya ga kusan duk abin da ya fita ya dawo, ya yi shiru. Shi ya sa dole kitson ya juya ya sake bi ta cikin zoben zuwa ƙasa kafin a ɗaure shi, don abin da rigar ta shigo da shi ya koma waje, ƙidaya ta tsaya daidai. Na zana maka duka biyun a bayan takardar nan.

Ba laifinka ba ne. Zanen yana shafi na arba'in da ɗaya na littafin na'urar, da Turanci, kuma na tarar da littafin a ofis ba a ma yage ledarsa ba.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Arrieta ya ajiye mini takarda in sa hannu kafin ashirin da bakwai ga wata, cewa rele shida suna aiki. Da na sa hannu, daga ɗaya ga Maris za a janye mai tsaro daga tasha, a mai da Don Fermín aiki a ɗakin ajiya. Ƙararrawa za ta riƙa bugawa babu mai ji. Ɗaya ga Maris kuma Lahadi ce, ranar yunzar Mama.

Ramin bishiyar yana gaban ƙaramar coci, mita shida daga ƙarƙashin layi na huɗu. Wayar a wurin tana mita bakwai da rabi daga ƙasa. Bishiyar da Mama ta zaɓa mita goma sha biyu ce, ɗaya zai shiga rami. Idan ta faɗi wajen yamma, kanta zai kai waya da rarar kusan mita ɗaya da rabi. Ka kuma san abin da ke faruwa da zarar ta faɗi: kowa ya ruga ya rungumi reshe.

Na ce, "Mama, a matsar da ramin."

Ta ce, "Ramin da kakarki ta yi rawa a bakinsa? Ke dai je ki matsar da cocin."

Na ce, "To a rage tsawon bishiyar."

Ta ce, "Ta bara mita goma ce. So kike a ce Domitila ta kawo tsintsiya? Shekara nawa ana yi, kullum gabas take faɗuwa, da igiya ake janta. Wai don wannan na tura ki karatu Lima, ki dawo kina auna mini biki da tef?"

Minti arba'in kawai nake buƙata a kashe layin in buɗe ƙofar. Arrieta ba zai bayar ba sai da hujja, ana tsakiyar girbin inabi. Hujjata ita ce wasiƙarka. Amma idan na nuna ta, sunanka zai shiga rahoto kusa da ranar takwas ga Janairu, kuma kowa a kamfanin zai ji. Ba zan nuna ba sai ka yarda, na yi maka alkawari. Ka amsa da kalma ɗaya ma ya isa.

Nélida


Pampa Honda
18 ga Fabrairu, 1998

Kawu,

Da fatan kuna lafiya. Muna ganin hotunan ambaliyar da ake yi wajenku a arewa a talabijin, Mama tana kunna muku kyandir. Ita tana lafiya, tana ta sayen bokitai da tawul na ratayawa. Ni ce dai abinci ba ya shiga.

Kwana goma sha biyar ban ji daga gare ka ba. Na buga wayar kantin da ke kusa da gidan Charo sau goma sha ɗaya, layin ba ya shiga. A gidan waya sun ce ruwa ya cinye hanya, buhunan wasiƙu suna jibge. Amma matar da ke bayan kanta ta ce wasu na wucewa ta jirgin sama, kuma maƙwabciyarmu ta sami wasiƙa daga Piura, can kusa da ku, ran Litinin. Don haka ina ganin ka samu, ka yi fushi. Na sake karanta inda ka ce kada in ƙara rubuto maka, na ga ba wasa kake yi ba.

Na gwada ba tare da sunanka ba. Na shiga wurin Arrieta da lissafina, shafi huɗu.

Ya ce, "Injiniya Yataco, kin ga kitson da idonki?"

Na ce, "A'a, yallaɓai."

"Wani ya gaya miki?"

Na ƙara tura masa lissafin gabansa. Wasiƙarka tana cikin aljihuna a lokacin.

Ya ce, "To in kashe wa mutane ɗakin sanyi cike da inabin da jirgin ruwa ke jira, in babban ofis na Lima ya tambaye ni dalili in ce sabuwar yarinyarmu ta yi mafarki? Masu na'urar sun zo sun gwada, ga takardarsu da hatimi."

Na ce masa sun gwada daga wayoyin zoben zuwa sama ne, ba su buɗe ƙasa ba. Ya ce yana da kwana tara, ni ma haka. Ba mugu ba ne, Kawu, shi ma tsoro yake ji. Na ga yadda yake murza biro.

Na tambayi Don Fermín ko ya tuna ranar da ka saka zobban. Ya ce, "Ni na riƙe masa fitila. Aiki kamar na maƙerin zinariya. 'Yar Eusebio, in kina neman kuskure, ki nema a wani gida." Sai na nuna masa tsumman da ya cusa cikin ƙararrawa don rage mata ƙara tun lokacin hazo, lokacin da raɓa ke sa ta kuka kowace safiya. Ya zare shi ya sa a aljihu. Tun ranar bai ƙara ajiye mini burodi ba.

Na yi tunanin in ce ni na gano ta madubi. Ƙarya ce, kuma zai tambaye ni abin da na gani. Na yi tunanin in ƙi sa hannu kawai, amma wani injiniya daga ofishinmu na Ica zai zo ya sa, shi bai auna sawun alfadari ba. Na je wurin masu jan igiya, sun ce in zo in riƙe da kaina tunda na fi su sani.

Kai ka fara ba ni filaya ina shekara tara. Kai ka kai takarduna kamfanin nan bayan sun kore ka. Ban manta ba. Don Allah ka ce wani abu, ko zagi ne.

Nélida


Pampa Honda
2 ga Maris, 1998

Kawu,

Ina gaishe ka. Kowa lafiya, in fara da wannan: babu wanda ya ji rauni. Mama muryarta ta dushe, shi ke nan.

Na karya alkawarin da na yi maka. Ran Laraba ashirin da biyar ga wata, ƙarfe tara na safe, na ajiye wasiƙarka a teburin Arrieta. Na so in rufe saman da hannu, amma duk a shafi ɗaya suke. Ya karanta daga farko har ƙarshe.

Ya ce, "Ƙadangare?"

Na ce, "Sakin layi na uku nake so ka duba, yallaɓai."

Ya ce, "Mai farar riga." Ya dubi rigarsa. Sai ya karanta sakin layi na ukun sau biyu, ya sa na kawo littafin, ya buɗe shafi na arba'in da ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Asabar, shida na safe, minti arba'in, layi na huɗu kaɗai. Idan muka buɗe muka tarar daidai yake, ki haɗa kayanki."

Ran Asabar Don Fermín ya kashe layin da ƙarfe shida daidai, muka haɗa shi da ƙasa, na buɗe ƙofar. Kawu, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Kitson yana ƙyalli, a miƙe, taƙi ɗaya kamar yadda ka ce, da ɗan ƙarfe mai haruffan sunanka. Yana sama da zoben da yatsa huɗu. Don Fermín ya haska fitila, ya dubi zanen, ya dubi kitson, ya cire hularsa.

Abin da ban yi lissafinsa ba: kitson ya yi gajarta, ba zai kai ya zagaya ta cikin zoben ba, kuma babu wani a tasha. Minti goma sha biyu sun riga sun tafi. Don Fermín ya fita da gudu, tsoho da shi, ya yanko wayar injin walda ya feƙe ta da wuƙarsa. Yana matse kan yana cewa, "Eusebio zai kashe ni in ya ga wannan ƙazanta." Mun mayar da wuta a minti na talatin da bakwai. Masu inabi sun bugo sau uku.

Ban sa hannu a takardar ba, tunda sauran biyar suna nan yadda suke. Arrieta ya bar Don Fermín a tasha sai an gyara su.

Jiya aka yi yunza. Bishiyar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, bokitai da tawul da balan-balan har sama. Na tsaya ƙarƙashin falwaya da rediyon aiki a hannu, fuskata duk hodar da aka watsa mini. Ana ta zagayawa bibbiyu, kowa ya sara sau uku ya miƙa gatari. Masu igiya huɗu ne, biyu sun sha sun ƙoshi. Tun wajen ƙarfe huɗu na lura yawancin saran yana faɗawa gefen yamma, don nan ne inuwa take, nan masu rawa ke tsayawa. Na gaya wa mai igiya, ya ce, "Injiniya, zo mu taka, ki bar bishiya ta yi tunaninta."

Ƙarfe biyar saura minti takwas bishiyar ta yi ƙara. Ta fara bin igiya, sai ta murɗa a kan kututturen ta juya yamma. Kanta ya kwanta a kan wayar layi na huɗu da ta fi kusa, ya tsaya a rataye, gindin yana ƙasa. Na yi ihu, babu wanda ya ji. Mutane sun riga sun ruga. Na ga wata mata da goyo ta kama reshe tana jan tawul.

Sai lasifika ta mutu. Kiɗa ya tsaya cak.

Don Fermín ya kira ni a rediyo: "'Yar Eusebio, na huɗu ya katse da kansa! Ban taɓa komai ba, wallahi, ina cin abinci!" Na ce kada ya mayar sai na ce. Sai da aka janye bishiyar, na bi wayar da ido falwaya uku gaba da baya, sannan na ba shi izini. Minti ashirin da shida babu wuta, kuma duk tsawon lokacin unguwa tana zagin kamfani. Mama ta zo har inda nake ta ce, "Kin gani? Sau ɗaya a rayuwata na yi yunza, kamfaninku ya ɗauke mini wuta." Na rungume ta, ta ce in sake ta, ina ɓata mata riga.

Yau da safe na karanta abin da rele ya rubuta: amfiya ɗaya da ɗigo bakwai, ya kashe a rabin daƙiƙa. Da kitson yana yadda yake, kashi ɗaya cikin uku na wannan bai kai ɗaya ba. Ba zan rantse cewa matar za ta mutu ba, ban san yadda takalminta yake ba. Abin da na sani shi ne layin ba zai katse ba, kuma Don Fermín na huɗu yake bari a ƙarshe.

Sunanka yana cikin rahoto, shafi na biyu. A ƙasansa na rubuta cewa ba a ba ka littafin ba, kuma a ledarsa na same shi. Arrieta ya so in cire wannan layin, na ƙi. Amma an riga an ji a kamfani, jiya wani direba ya tambaye ni ko gaskiya ne Tasayco ne ya kashe alfadari.

Ba na neman ka ce na kyauta. Na cire ɗan ƙarfen mai sunanka, yana wurina. In kana so in aiko, in ba ka son jin komai daga gare ni kuma, zan gane.

Nélida


Sullana
16 ga Fabrairu, 1998

Nélida,

Muna raye. Ruwa ya shiga kicin har gwiwa, tawa gwiwar kuma ta ce ta gode. Wasiƙarki ta uku ga wata ta zo shekaranjiya.

Na karanta, na jefar da ita bayan kabad. Na ce yarinyar da na koya wa riƙe filaya ita za ta koya mini wayar ƙasa. Jiya na ƙi cin abinci. Charo ta ce in ba zan ci abinci ba in daina zagin cokali.

Yau da safe na ɗauko ma'aunin mijinta, irin mai baki da ake maƙala wa waya. Na maƙala a waya ɗaya ta fanka, ya nuna. Na haɗa biyun, mai zuwa da mai dawowa, na maƙala. Sifili, fanka kuwa tana ta juyawa a fuskata. Na san wannan tun kafin a haife ki ma, in ce. Ban taɓa tunanin rigar kebul ita ce waya mai dawowa ba. Na zaro takardarki da tsintsiya na dubi zanen. Kin yi gaskiya. Duka shidan makafi na bar su, kuma na goge su har suna ƙyalli.

Ki nuna wasiƙar. Ki nuna yau, ba gobe ba. Ki bar ƙadangaren ya karanta har inda na ambace shi. Maganar kada ki sake rubuto mini, haushinsu ne, ba naki ba, ke ma kin cika ɗaukar magana kamar an buga mata hatimi. Wane irin alkawari ne wannan kika yi? Sunana ba ya riƙe reshe a yunza.

Abu ɗaya da littafinki ba zai gaya miki ba: kitson da na saka ba zai kai ba, kada ki buɗe ƙofa hannu wofi. Ga shida a cikin kwalin nan, kowanne taƙi huɗu, ni na matse kawunansu. A rayuwata ban taɓa yanka wayar ƙasa mai tsawo haka ba, sai da na rufe ido.

Kawunki,
Eusebio

Ƙari, 1 ga Maris. Sau biyu kamfanin mota yana dawo mini da kwalin, babu hanya. Gidan waya ruwa ya shiga, sun rufe, wayar kanti a mace. Sun ce wata mota za ta gwada ran Talata, zan sake kaiwa. Yau ce yunzar Domitila. Ƙarfe huɗu ta wuce, yanzu ana zagayawa da gatari, ni kuma ina zaune a nan da kwali a cinya. Kin ce ba za ki nuna ba sai na yarda, kuma na san ki, ba kya karya magana. 'Yata, Allah ya sa kin raina ni. Allah ya sa ba ki jira ba.